Sabulun wanke-wanke da wankan kare: inda yake amfani da inda yake cutarwa

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da ma'aikatanka, muna roƙon ka ba mu fili a shafin wasiƙu mu amsa wata tambaya da masu karnuka ke yawan yi, mafarauta da makiyaya da masu karen gadi a cikin gari: shin ana iya yi wa kare wanka da sabulun ruwa na wanke-wanke? Wani zai ga maganar ba ta kai a kawo ta jarida ba. Amma karen da fatarsa ta lalace ba ya iya gadi, ba ya iya farauta, kwana yake yana susa, kuma wasu daga cikin cututtukan da ke kama fatar tasa suna tsallakawa kan yaran gida. Tun da an ajiye shi, haƙƙinsa yana wuyan mai shi.

Amsarmu ita ce: sau ɗaya, saboda wata larura takamaimiya, ana iya yi, wani lokacin ma shi ne abin da ya fi dacewa. Amma a mayar da shi sabulun wankan kowane mako, wannan cutar da dabba ne. Ga dalili.

An haɗa sabulun wanke-wanke ne don aiki ɗaya, wato ya cire maiƙo. Duk wadda ta taɓa wanke tukunyar miyar manja ta san ƙarfinsa: ɗigo biyu a soso, sai ka ji tukunyar tana ƙara a ƙarƙashin yatsa don tsabar tsafta. To, fatar kare ma tana da nata maiƙon, kuma ba dauɗa ba ne. Akwai wasu ƙananan jakunkuna a gindin kowane gashi da ke fitar da wani mai, shi ne ke shafe fata da gashi, ya hana ruwan jiki ƙafewa, ya sa gashi sheƙi, ya tare ƙwayoyin cuta kada su samu hanyar shiga. Sabulun bai san bambanci tsakanin manjan tukunya da wannan mai ba, duka yake kwashewa. Ga shi kuma fatar kare ta fi ta mutum laushi nesa ba kusa ba. Gashin da ya lulluɓe ta ne ke sa a ɗauka tana da kauri, alhali saman fatar tasa bai kai rabin kaurin na mutum ba. Idan hannun mace mai wanke-wanke kullum yana bushewa har ya tsattsage, sai a kwatanta da fatar da ba ta kai tata ƙwari ba.

Akwai kuma maganar ma'aunin da masana ke kira pH, wanda ke nuna ko abu ya karkata wajen tsami irin na lemun tsami, ko wajen kanwa da ruwan toka. Ma'aunin daga 0 ne zuwa 14, lamba 7 ce tsakiya. Fatar mutum tana wajen 5.5, ta kare kuwa tana kusa da tsakiya, tsakanin 6 da 7.5, wani lokaci ta ɗara haka. Sabulun sanda na wanki, da sabulun salo, da garin Omo da danginsa, duk sun haura 9, wasu sun kai 10 ko 11. Sabulun ruwa na kamfani bai kai su kaifi ta wannan fuska ba, shi ya sa muke ganin babbar illarsa ita ce kwashe mai. Garin wanki kuwa kada ma a kusantar da shi jikin kare, ko da sau ɗaya.

Yadda ɓarnar ke tafiya a bayyane take ga wanda ya lura. Wankan farko kare zai fito tas, gashi ya yi haske, mai shi ya ji daɗi. A na uku ko na huɗu, idan ka shafa bayansa ta inda gashi bai kwanta ba, za ka ga wani farin gari kamar dusa yana tashi, amosani ke nan. Gashin ya dusashe, ya yi kaushi kamar tsohuwar tsintsiya. Sai susa ta fara, da ƙafar baya, da haƙori, da goga jiki a bango. Farcen kare ba shi da tsafta, kowace susa tana buɗe ƙananan raunuka, ƙwayoyin cutar da dama suna zaune a kan fatar ba su da illa sai su samu ƙofa. Daga nan sai ƙuraje masu ruwa a ciki da hammata da matse-matsi, ko wani jan gyambo mai danshi da zai buɗe a gefen wuya ko gindin wutsiya cikin dare ɗaya. Fatar da aka busar kuma takan yi ƙoƙarin rama abin da ta rasa, ta riƙa fitar da mai fiye da ƙima, wani naman gwari mai son maiƙo ya yawaita, kare ya fara wani irin wari mai tsami. Abin takaici a nan shi ne mai karen yana jin warin sai ya ƙara yawan wankan, da sabulun da ya jawo warin tun farko. A lokacin hunturu, da iska ke busar da leɓen mutum ma, wannan lalacewa tana saurin zuwa.

Ido da kunne da ciki su ma suna da nasu rabon. Kumfar da ta shiga idon kare tana iya ƙona farfajiyar idon ta bar rauni, ka ga yana runtse shi, yana hawaye, yana kai ƙafa yana murzawa. Garin neman gira ke nan a rasa ido. Idan haka ta faru, a tsiyaya ruwa mai tsafta a idon a hankali na minti 10 zuwa 15, idan bayan 'yan sa'o'i bai buɗe shi sosai ba a kai shi wurin likita, akwai wani ruwa mai launi da ake ɗigawa ya nuna raunin. Kada a sayo maganin ɗigon ido a kemis a ɗiga masa, domin wasunsu suna ɗauke da sinadarin da ke sa irin wannan rauni ya ƙara zurfi. Ruwan sabulun da ya kwanta a ramin kunne yana jawo ciwon kunne, kare ya riƙa kaɗa kai yana karkatar da shi gefe guda. Wanda ya lasa kuma yakan sa dalalar miyau, amai da zawo.

Malam Edita, akwai abin da ya fi damun mu fiye da sabulun kamfani, kuma shi ne ya fi yawa a gidajenmu. Muna nufin sabulun ruwa na haɗin gida, kore ko ruwan hoda ko ruwan ɗorawa, wanda ake ɗurawa a tsofaffin gorunan ruwa da na lemo ana sayarwa. Sana'a ce mai kyau, mata da yawa suna rufa wa kansu asiri da ita, ba kuma muna kushe ta ba ne. Sai dai a san abin da ke ciki. Ana haɗa shi ne da sinadarin salfonik mai tsami, da kostik soda, da soda ash, da abin ƙara kumfa, da abin ƙara kauri, da kala da turare, wasu kuma suna zuba fomalin don kada ya lalace, sinadarin nan da ake adana gawa da shi. Dabarar haɗin ita ce sodar da salfonik ɗin su kashe kaifin juna daidai wa daida. Idan awon ya kuskure, soda ta yi rinjaye, abin da ke cikin gorar yana iya ƙona fata. Mai wanke kwano za ta ji hannunta yana santsi da raɗaɗi ta yi sauri ta ɗauraye. Kare kuwa gashinsa zai riƙe sabulun a jikin fata, ba shi da bakin faɗa, sai washegari a ga cikinsa ya yi jajir, bayan kwana biyu ya fara saɓa. Gorar ba ta da rubutu, babu mai iya sanin ƙarfin abin da ke ciki da ido. Saboda haka ko a yanayin larurar da za mu ambata, na kamfani mai rubutu a jiki muke nufi, mara bilic a ciki. Ga masu haɗawa kuma, akwai 'yar takardar gwajin pH da ake samu wajen masu sayar da sinadaran, ba ta da tsada. A tsoma ta a kowane haɗi kafin a ɗura, don lafiyar hannun masu saye ma.

Daga ina wannan ra'ayi na cewa sabulun kwano ba ya cutar da dabba ya samo asali? Mafi yawa daga Amurka ne. Lokacin da jirgin dakon mai na Exxon Valdez ya fashe a gaɓar Alaska a 1989, da lokacin da rijiyar mai ta fashe a Tekun Meziko a 2010, masu ceton tsuntsaye sun yi amfani da wani sabulun kwano mai suna Dawn wajen wanke tsuntsayen da ɗanyen mai ya lulluɓe. Hotunan sun zaga duniya, mutane suka ce abin da aka wanke ɗan agwagwa da shi ai ba zai cuci kare ba. Abin da hoton bai nuna ba shi ne, tsuntsun nan mutuwa zai yi idan ba a cire man ba, kuma sabulun an sirka shi da ruwa sosai, ƙwararru ne ke wankewar da ruwan ɗumi, su daɗe suna ɗauraya, su busar da shi a ɗaki mai ɗumi, kuma ba a sake yi masa mako mai zuwa. Aikin ceto ne na rana ɗaya.

Irin wannan rana tana zuwa wa kare ma, a nan ne sabulun wanke-wanke ya fi kowane shamfu amfani. Kare ya shiga ƙarƙashin mota a garejin makanikai ya fito da baƙin mai ko giris. Ya taka kwalta mai laushi inda ake aikin titi. Gas ko kananzir ya zube masa. Ko kuma, wanda ya fi yawa, wani ya ba da shawara a shafa masa baƙin mai wai maganin ƙazuwa ne, ko a wanke shi da fiya-fiya ko maganin feshin gona wai don kaska. Baƙin mai ba ya warkar da ƙazuwa, yana ɗauke da gubar ƙarafa da ragowar fetur, fata tana tsotsa, kare yana lasa. Maganin ƙwari irin su Sniper kuwa yana ratsa fata ya shiga jini. Waɗannan abubuwa duka maiƙo ne ko kuma a cikin maiƙo aka narkar da su, ruwa zalla ba ya ɗaga su.

Ga yadda ake yi. Kafin komai a hana shi lasa. Mutum ɗaya ya riƙe kansa, ko a ɗaure bakin da tsumma mai faɗi ba tare da matsewa ba, amma idan yana amai ko numfashi na yi masa wuya, kada a ɗaure. Mai wankin ya sa safar hannu ta roba, in babu ya zura hannuwansa a leda ya ɗaure a wuyan hannu, domin gubar da ta ratsa fatar kare za ta ratsa tasa. A yi aikin a fili inda iska ke kaɗawa. A goge abin da za a iya gogewa da tsumma ko tsohuwar jarida. Idan baƙin mai ne mai yawa, a barbaɗa garin masara ko fulawa, a bar shi minti biyar ya tsotse, a taje a zubar. Idan kwalta ce ta daskare, a shafa man gyaɗa a wurin a murza da yatsu, a ba shi kamar minti 15 zuwa 20 ya yi laushi, inda gashin ya dunƙule ya ƙi warwarewa a sa almakashi a yanke, a sa mataji tsakanin almakashin da fata don kada a yanki nama. Kada a kuskura a ce za a narkar da kwalta da fetur, kananzir ko tina. Za su narkar da ita, amma za su ƙona fatar, tururinsu kuma ya shiga huhu.

Sannan sabulu. A wurin da maiƙon ya taru, a sa shi tun kafin a jiƙa gashin, cokalin shayi ɗaya a gauraya da cokali uku na ruwa, a murza har maiƙon ya fara sakin gashi. Idan aka fara jiƙawa, ruwan ne zai shiga tsakanin sabulun da maiƙon, aikin ya yi wuya. Ga sauran jiki kuwa, cokalin shayi biyu, wato mililita 10, a lita ɗaya ta ruwa ya isa. Lita ɗaya ita ce ledar fiya wata biyu. Ƙaramin kare lita ɗaya ta wadatar, babban karen farauta lita biyu zuwa uku. Ruwan ya zama mai ɗumi kaɗan, wanda idan ka tsoma gwiwar hannu ba za ka ji zafi ba, ba za ka ji sanyi ba. Ruwan zafi yana buɗe jijiyoyin fata ya sa ta ƙara tsotsar gubar. A toshe kunnuwa da dunƙulen auduga ba tare da tura ta ciki ba. A fara daga wuya a yi baya, fuska kuwa da jiƙaƙƙen tsumma kawai za a goge ta. A cuɗa da hannu, ban da soson ƙarfe, ban da buroshi mai tauri. A ɗauraye, a sake, sau biyu ko uku, har ruwan da ke sauka ya daina baƙi, warin ya tafi.

Ɗauraya ita ce inda aka fi yin sakaci. Duk lokacin da aka ɗauka ana cuɗawa, a ninka shi wajen ɗauraya. Babban kare zai ci bokiti biyu ko uku na lita 20. A bi hammata, da matse-matsi, da ƙarƙashin wuya, da tsakanin yatsu, da gindin wutsiya, nan sabulu ke maƙalewa. Gwajin shi ne a matse gashi a tafin hannu, idan ruwan da ya fito yana da santsi ko 'yar kumfa, da saura. A goge shi da tawul, a cire audugar kunne, a bar shi a hantsi ya bushe a wurin da ba zai yi birgima a ƙasa ba. Ruwan wankin kada a bari ya kwanta inda kaji ko awaki za su sha. Bayan wannan a bar fatar ta huta, kada sabulu ya sake taɓa ta sai bayan mako uku ko huɗu.

Idan maganin ƙwari ne ya taɓa shi, wanki somin-taɓi ne kawai. A duba alamomi: miyau yana zuba kamar an buɗe famfo, ƙwayar ido ta tsuke ta zama kamar kan allura, jiki yana karkarwa, amai, zawo, tangaɗi, numfashi da ƙyar. Ko ɗaya daga cikinsu aka gani, a yi wankin cikin gaggawa a nufi asibitin dabbobi, a tafi da kwalbar maganin, domin sunan da ke jikinta ne zai gaya wa likita allurar da zai yi. Akwai allurar da ke karya irin wannan guba idan an kai da wuri. Ɗura manja ko madara a bakin karen da ke karkarwa ba ya karya gubar, sau da yawa ma huhu yake wucewa. Wanda ya sha kananzir ko fetur kuma kada a sa shi amai. Idan kuwa ruwan batir ne ko kostik soda ya zube masa, babu maganar sabulu sam, ruwa zalla za a yi ta kwarara wa wurin na minti 20.

Saura maganar ƙuma da kaska, wadda ita ce ke kai mafi yawan mutane ga sabulun kwano. Gaskiya ne yana kashe ƙuma. Ƙuma tana iya tsayawa a saman ruwa zalla ba ta nutse ba, sabulu ne ke karya wannan ƙarfi na saman ruwa ya sa ta nutse ta mutu. Kowane shamfu ma yana yin hakan idan aka bar kumfar minti biyar a jiki, musamman idan aka fara zagaye wuya da kumfa don kada su gudu su taru a ka. Amma ƙumar da ka gani a jikin kare kaɗan ce ƙwarai, kamar biyar cikin ɗari na abin da ke gidan. Sauran ƙwai ne da tsutsotsi da waɗanda ke cikin kwanso, suna cikin rairayin da yake kwanciya, da tsohon buhun da aka shimfiɗa masa, da tsagar daɓe. Macen ƙuma ɗaya tana iya yin ƙwai 40 zuwa 50 a rana. Sabulu ba ya barin komai a jiki da zai kashe wadda za ta hau gobe, saboda haka kafin kare ya gama bushewa wasu sun hau. An kashe maciji ba a sare kansa ba. Mai karen sai ya sake wanki, ya sake, ƙuma tana nan, fata ta tafi.

Kaska kuwa sabulu ba ya yi mata komai. Ta kafa baki a fata, a cikin kunne da tsakanin yatsu, wanka ba ya cire ta. Jar kaskar kare tana da wata ɗabi'a, bayan ta ƙoshi da jini takan sauka ta hau bango ta shige tsaga ta zuba dubban ƙwai. Ita ce ke sa wa kare zazzaɓin da ke fasa ƙwayoyin jini. Idan ka ɗaga leɓen kare ka ga dasashinsa ya yi fari fat maimakon ja-ja, ya daina cin abinci, fitsarinsa ya yi duhu kamar shayi, wannan ya wuce maganar wanka, jini za a gwada. Cire kaska da hantsaki ake yi, a kama ta dab da fata a ja a miƙe a hankali, ban da murɗawa, ban da ƙona ta da ashana, ban da fasa ta da farce. A jefa ta a kwalba mai ɗan kananzir a rufe.

Maganin ƙuma da kaska na gaskiya yana wurin likitan dabbobi. Akwai na ɗigawa a ƙeya mai sinadarin fipronil wanda ke aiki kusan wata guda, akwai ƙwayoyin taunawa da wasu ke kai wata ɗaya, wasu mako 12, kuma waɗannan ƙwayoyin suna maganin ƙazuwa ma. Akwai na wanka mai sinadarin amitraz, wanda makiyaya suka sani, amma awonsa na kare daban ne da na shanu, ba a yi wa ɗan kwikwiyo, kuma idan ya yi yawa yana kwantar da kare ya rage bugun zuciyarsa. Haka allurar ivermectin ta shanu, kuskuren awo kaɗan a ƙaramin kare yana iya makantar da shi ko ya kashe shi. A bar wa likita awon. Wani abin lura kuma, maganin ɗigawa a ƙeya a cikin man fatar nan yake bi ya bazu a jiki. Wanda ya sayi maganin da tsada ya ɗiga, sannan ya wanke karen da sabulun kwano, ya wanke kuɗinsa. Ko da shamfu mai laushi ne, a bar kwana biyu kafin ɗigawa da kwana biyu bayanta ba wanka. Tare da magani a gyara makwanci: a share kullum, a ƙona tsohon buhu ko a wanke shimfiɗa da ruwan zafi a shanya a rana duk mako, a liƙe tsagogin bango da siminti. Karen da ya yi ƙuma kuma a ba shi maganin tsutsar ciki, domin idan ya haɗiye ƙuma wajen cizon jikinsa yana kamuwa da wata tsutsa mai faɗi, za ka ga guntayenta kamar ƙwayar shinkafa a kashinsa ko a gindin wutsiya. Ƙaramin yaro mai rarrafe ma yana iya kamuwa ta wannan hanya.

Inda sabulun kwano ke taimakawa a yaƙi da ƙuma ba tare da ya taɓa kare ba shi ne a kwano. A zuba ruwa da ɗigo uku na sabulu, a riƙa taje kare da mataji mai ƙananan haƙora ana tsoma abin da ya kamo a ciki. Wannan ita ce hanya mafi aminci ga 'yan kwikwiyon da ba su kai mako takwas ba, waɗanda bai kamata a jiƙa su gaba ɗaya ba, domin jikinsu bai iya riƙe ɗumi ba tukuna, sanyi kaɗai yana iya kashe su.

Wankan yau da kullum fa? Lafiyayyen karen gida mai gajeren gashi irin namu ba ya buƙatar wanka da sabulu fiye da sau ɗaya a wata, ko ma wata ɗaya da rabi. Abin da ya fi buƙata shi ne a taje shi sau biyu ko uku a mako, wannan yana fitar da ƙura da mataccen gashi, ya baza man fatar. Idan ya dawo daga farauta da taɓo, ko zafin bazara ya dame shi, ruwa zalla ya isa. Ranar wanka a yi amfani da shamfun karnuka, ana samunsa a shagunan magungunan dabbobi, kuma da yake ana sirka shi da ruwa, kwalba ɗaya tana daɗewa. In babu, shamfun jarirai mara turare ya fi sabulun kwano sauƙi a kan fata. Dettol da Izal ba na jikin kare ba ne, ga kyanwa kuwa guba ne. Karen da ya riga ya yi ƙuraje likita kan rubuta masa shamfu mai sinadarin chlorhexidine, shi kuma sai an bar kumfarsa minti 10 cif a jiki kafin a ɗauraye, yawanci sau biyu a mako. Mutane da yawa suna wanke shi nan take su ce bai yi aiki ba. A tuna kuma cewa karen da ba ya samun komai sai ƙanzo da dusa gashinsa ba zai yi kyau ba ko da me aka wanke shi. Dafaffen ƙwai, ɗan kifi, da cokali ɗaya na mai a abincinsa suna canza fatar cikin 'yan makonni.

Idan gashi yana zubewa a gefen kunne da gwiwar hannu, fata ta yi kauri ta yi ɓawo, susa ba dare ba rana, mai yiwuwa ƙazuwa ce. Idan zubewar a zagaye take kamar kwabo, mai yiwuwa makero ne. Dukansu suna kama mutum. Likita yana kankarar fatar kaɗan ya duba a madubin likita ya bambance su, domin maganinsu ba ɗaya ba ne. Akwai asibitocin dabbobi na gwamnati a jihohi da ƙananan hukumomi da dama, akwai kuma na koyarwa a jami'o'in Zariya da Sakkwato da Maiduguri.

Akwai wuri ɗaya da muke roƙon kowa ya ɗauki duk sabulun da hannunsa ya kai gare shi, na kwano ne, na sanda ne, na salo ne, ba tare da jinkiri ba. Shi ne idan kare ya ciji mutum ko ya yakushe shi. Ƙwayar cutar haukan kare tana lulluɓe ne da wata riga ta maiƙo, kuma abin nan da sabulu ke yi wa man fata shi yake yi wa wannan riga, ya yaga ta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a wanke raunin da sabulu da ruwa mai gudana na minti 15, a duba agogo, domin minti 15 ya fi yadda mutum ke zato tsawo. Kada a ɗaure raunin tamau, kada a cusa masa gashin karen ko barkono ko toka. A je asibiti a ranar don allurar rigakafi, kada a jira alama ta bayyana, domin idan ta bayyana babu magani. Karen kuma, idan na gida ne, a tsare shi a sa masa ido kwana 10 a sanar da likitan dabbobi. Allurar rigakafin haukan kare da ake yi wa karnuka ana fara ta ne daga wata uku da haihuwa, a maimaita kowace shekara, kuma cibiyar binciken dabbobi ta ƙasa da ke Vom a Jihar Filato tana cikin masu samar da ita. A ajiye katin allurar inda za a same shi, shi ne abin da likita zai fara tambaya ranar da aka yi cizo.

Mun gode da filin da ka ba mu. Allah ya ƙara wa jaridarka albarka.

Naka,
Wasu likitoci da ma'aikatan lafiyar dabbobi,
Zariya, Jihar Kaduna.